In Kogi Ya Ƙafe

Mutari mai garka, wato lambun bakin kogi, ba mutum ba ne da ake gaya wa magana sau biyu, domin tun a ta farko ya riga ya yanke cewa ba zai ji ba. Duk unguwar Gamkalle ta Yamai an san shi da wannan. An kuma san cewa daga bakin kogi har kasuwar Peti Marshe babu mai salati irin nasa, saboda haka mutane suka haɗa halin da salatin suka haƙura.

'Yarsa Yelwa ita kaɗai ta rage masa a duniya. Daga wani ƙauye na ƙasar Tawa suka zo Yamai, a wancan farin, shekarar da soja suka karɓi mulki. Su biyar suka baro gida, biyu suka iso. Ƙannen Yelwa maza biyu ne suka fara rasuwa, sannan uwarta Halimatu, wadda aka binne a wani gari na kan hanya da Mutari bai sake yarda ya ambaci sunansa ba. Ranar da suka shigo Yamai bai nemi masauki ba sai da ya nemi kogi, babban Kogin Isa da ya ratsa garin. Yelwa tana tuna shi tsaye cikin ruwa har gwiwa, da rigarsa da wandonsa, yana kuka kamar yaro. Ya ce mata, "Kin ga wannan? Wannan ba ya jiran girgije. Mun gama kallon sama, ɗiyata."

Ya yi shekaru yana ƙodago a garkar wani Bazabarme, har ya samu ya sayi ɗan fili nasa a bakin ruwa. Kafin ya shuka ko ƙwayar albasa ɗaya, mangwaro uku ya fara dasawa a jere. Bai taɓa cewa na wane ne ba. Amma kowace safiya su yake fara ba ruwa, kuma in Yelwa ta zo da wuri takan ji yana gaya musu labarin kasuwa.

Ita kuwa ya sa ta lakwal, makarantar boko, ta koyi buga mashin ɗin rubutu, ta samu aiki a unguwar Kalle, a biro, wato ofishin Metir Halidu, mai rubuta wa mutane yarjejeniya ya buga mata hatimi. Metir wani dogon tsoho ne mai yawan tari da ƙarancin dariya. Duk wanda ya shigo masa da murnar ciniki, kafin ya gama zama Metir ya jefa masa tambayar da ta sa wasu ba sa dawowa: "To, me kake tsoro?" A nan Yelwa ta koyi abin da masu shari'a ke kira dabarar rage haɗari. Ba wai a hana masifa zuwa ba ne, wa ya isa? A zauna ne tun ana shiri da juna, a lalubo duk abin da ka iya lalacewa, a rubuta wa zai ɗauki me in ya lalace. Wannan ya nemi jingina, wancan ya nemi a yi masa jinkiri, wani ya tanadi mai kawo kaya na biyu. Metir yakan ce mata, "Ranar daɗi ba ta buƙatar takarda, yarinya. Mu ma'aikatan mummunar rana ne."

To, damina ta sake yin gardama. Aka fara ganin mutanen arewa suna shigowa Yamai da tabarmi a ka, irin shigowar da su Yelwa suka yi. A daidai lokacin ne wani kamfanin gina hanya ya zo neman mai garka da zai riƙa kai wa ɗakin girkin ma'aikatansa ganye da tumatir da albasa kowane mako, har shekara. Za su ba shi injin ban-ruwa sabo fil. Shi kuma zai sa takardar garkarsa jingina. A cikin sharuɗɗan kamfanin akwai cewa samar da ruwa nauyin mai garka ne ko ta halin ƙaƙa, kuma in ya kasa kai kaya makonni a jere, za a sayar da jinginar.

Mutari ya yi shekara goma yana ɗibar ruwa da kafaɗa. Da ya ji maganar inji, bai ji sauran ba.

Yelwa ta ji. Ita ta roƙi Metir ya ƙara wani sharaɗi, ya yi tari ya ce ai da ma zai ƙara. Layi biyu ne kawai: in kogi ya ƙafe, ko hukuma ta hana ɗibar ruwa, an ɗauke wa mai garka nauyin kai kaya har ruwa ya dawo, kuma ba za a taɓa jinginarsa ba. Wakilin kamfanin, Mushe Lawali, wato Malam Lawali da Faransanci, wani ɗan Maraɗi mai fara'a, ya karanta ya yi dariya. "Kogin Isa? Ku rubuta mana. Ku ƙara da in rana ta fito daga yamma."

Ranar sa hannu Mutari ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a. Metir yana karantawa da Faransanci, Yelwa tana mayar wa ubanta da Hausa, shi kuma yana gyaɗa kai yana kallon silin. Har ta iso wurin.

"In kogi ya ƙafe…"

"In me?"

"In kogi ya ƙafe, Baba, ko hukuma…"

"A'uzubillahi!" Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Wa ya rubuta wannan? Wane mai mugun baki ne?"

Ta ce, "Ni na ce a sa, Baba. Don ya kare ka ne."

Ya daɗe yana kallonta. Da wani ne, da ya sha zagi har kakanninsa. Amma ita ce, sai muryarsa ta sauka, kuma saukar ta fi zagin zafi. "Ke? Ke da kika ga abin da na gani?"

Ta san abin da yake nufi. A kan hanyar nan ta gudun fari, wata rana da yamma uwarta ta ce masa, "In na mutu a hanya, ka kai Yelwa inda akwai ruwa." A lokacin kuwa, da ƙafarta take tafiya, ko zazzaɓi ba ta yi. Ya ce ta yi shiru, ta ƙi, ta maimaita. Kafin mako ya zagayo ya zuba mata ƙasa. Tun daga ranar ba a cewa "in" a kan mugun abu a gidan Mutari. Ba a cewa in fara ta zo, ba a cewa in ciwo ya kama ka. Ba shi kaɗai ba ne ma, mutanenmu da yawa haka suke, sun yarda baki yana jawo abin da ya kira. Sai dai nasa ya fi na kowa, domin shi yana da kabarin da yake nunawa.

Metir ya gyara tabarau ya ce, "Malam Mutari, rubutawa ba kira ba ce. Shiri ne."

"Shiri? Sai ka ce in haƙa kabari a tsakar gidana in ce shiri nake yi. Magana da baki ma iska na ɗauke ta. Ku kuwa za ku rubuta, ku buga hatimi, ni in dangwala yatsana a kai in ce na yarda kogi zai ƙafe? Kogin da ya karɓe ni? Wallahi ba da hannuna ba."

Aka yi, aka yi. Metir ya kawo misali, Mushe Lawali da kansa ya ce a bari, ba ya cutar da kowa. Ina! Mutari ya ce ko a cire ko ya tafi ya nemi mai rubutun da ba shi da baƙin ciki.

Yelwa ta koma kan mashin da sabuwar takarda. Tana jin zuciyarta tana gaya mata abin da kowa zai gaya mata: uban nan naki bai san ko baƙi ɗaya na Faransanci ba, bar layukan a ciki, wa zai sani? Yatsunta har sun tsaya a kan wurin. Sai ya zo ya tsaya a bayanta, da warin ƙasa da albasa a jikinsa, ya ce a hankali, "Ni ban iya karatun nan ba. Ke za ki gaya mini kin cire, in yarda. Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba."

Ta cire. Ta gaya masa ta cire. Ya dangwala yatsa, aka yi fatiha, ya raba goro har da mai gadin ƙofa.

Watannin sanyi kuwa, kai, sai wanda ya gani. Injin yana tuttu tun da sassafe, ruwa yana bin kwalbatoci da kansa, Mutari yana tsaye hannu a ƙugu kamar kantoma. Salati ya yi kai, shu, wato kabeji, ya naɗe, tumatir ya yi ja har ana tsayawa kallo. Kamiyon kamfani, babbar motar kayansu, yana zuwa yana tafiya a cike. Ba wai mutumin ba ya shiri ba ne, kada a zalunce shi. Yana shuka kashi-kashi don kada kaya su nuna lokaci guda. Yana da iri ajiye cikin gora, yana da isansi, man inji, a ɓoye, kowace Juma'a kuma yana fitar da kwandon ganye ga baƙin da fari ya koro. In Yelwa ta zo yakan nuna mata duk wannan ya ce, "Ga nawa shirin, malama mai mashin. Ina naki kogin da ya ƙafe?" Sai ya yi sauri ya tofa, don ya lura ya faɗa da bakinsa.

Takan yi dariya. Har ga Allah ta so a ce shi ne mai gaskiya.

Da zafi ya shigo, ruwa ya fara ja da baya. Wannan ba sabon abu ba ne, kowace bazara yana yi. Mutari ya ƙara wa inji tiyo. Bayan 'yan kwanaki ya sake ƙarawa. Duwatsun da tsofaffin Gamkalle suka ce ba su taɓa gani ba suka fito suna shanya baya. Masu jirgin ruwa suka kife jiragensu a kan yashi suka zauna a inuwarsu. Wata safiya Yelwa ta zo ta tarar da mata suna tsallaka kogin da ƙafa, da itace a ka, ko zanensu bai jiƙe ba. Kogin Isa ya daina tafiya. Abin da ya rage 'yan tafkuna ne kore, nan ɗaya can ɗaya.

Ubanta bai dube ta ba ranar.

Sannan soja suka zo da mota, suka bi garka-garka. Wani saje ya ce ɗan ruwan da ya rage na shan gari ne, kowa ya kashe inji, wanda aka ji nasa yana tuttu zai yi bayani a bariki. A zamanin nan wa ke tambayar mai kaki dalili? Kuma ma gaskiyarsu ce, mutane na layin ruwa a famfo tun asuba. Mutari ya kashe injin da hannunsa, ya lulluɓe shi da buhu.

Amma bai sallama ba. Ya shiga tsakiyar kogin da shebur, inda da ruwa ke shanye mutum, ya haƙa rami har ya tarar da danshi. Ruwan yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan, ya jira ya taru, ya cika garwa biyu, ya hau gangare, ya dawo ya sake jira. Mutum mai furfura, cikin ranar bazara. Kuma duk da haka garwar farko ta mangwaro ce.

"Baba, su suna da saiwa mai zurfi, za su jure. Ka ba ganyen."

"Sun taɓa jin ƙishirwa sau ɗaya," in ji shi. "Ya isa."

Ko da ya ba ganyen ma, ba zai kai ko'ina ba. Alayyafo ya kwanta, kuɓewa ta ƙone a tsaye. Yelwa ta kwashi albashinta ta shiga Peti Marshe ta sayo abin da ta samu don a cika wa kamiyo, ta yi haka sau ɗaya, ta sayar da 'yan kunnenta ta yi na biyu. A na uku babu abin sayarwa, kasuwar ma babu ganyen. Kamiyo ya zo ya koma wayam, ya sake zuwa ya koma, daga nan bai ƙara zuwa ba.

Ta je wurin Mushe Lawali. Ya ba ta kujera, ya ba ta ruwan sanyi, fara'ar nan duk ta tafi. Ta tambaye shi yadda ma'aikatansu ke ci yanzu, ya sunkuyar da kai ya ce tun ranar farko suna da wani mai kawo musu kaya daga kudu, an ajiye shi ne saboda irin wannan. "Mu mun yi namu shirin, ƙanwata. Haka ake yi. Manyan da ke sama ba su san Malam Mutari ba, takarda suka sani. Da layukan nan suna ciki, wallahi da ni da kaina zan kawo masa sannu." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma dariya na yi ranar."

Metir Halidu ya nemo musu lauya, ya kuma je kotu da ƙafarsa, da tarinsa. Lauya ya ce ƙafewar kogi abu ne da ya fi ƙarfin ɗan Adam, wanda ba wanda ya zata. Alƙali ya tambaya ko an taɓa tayar da maganar kafin a sa hannu. Metir bai iya ƙarya ba, ya ce an tayar, an ma rubuta, mai garka ya sa aka cire. Alƙali ya ce to abin da aka gaya wa mutum, aka ba shi mafita ya ƙi, ya kuma yarda ruwa nauyinsa ne, ba za a ce ya zo masa ba zato ba. Yelwa ce ta mayar wa ubanta wannan da Hausa, a kan bencin kotu, kalma bayan kalma, kamar yadda ta mayar masa da yarjejeniyar.

Wani ɗan kasuwa ne ya sayi garkar, mai son gina wurin ajiye siminti. Kafin a gama komai damina ta sauka a can sama, kogi ya dawo, ja wur da laka, yana gudu kamar ba shi ne ya yi abin ba.

Ranar da aka sare itatuwan Yelwa ba ta je biro ba. Ta tarar da ubanta zaune a kan gangare, bayansa ga garkar, fuskarsa ga ruwa. A bayansu ana jin gatari. Biyu sun riga sun faɗi, ana kan na uku, babban, wanda ya fi yi wa hira. Ta zauna kusa da shi. Ta zo da maganganu da yawa a ranta, na haƙuri da na haushi, ta rasa wadda za ta fara fitarwa. Abin da ke cinta shi ne, da ta yi masa ƙarya guda ɗaya tak, da yanzu yana can yana ba su ruwa.

Shi ya fara magana. "Abin nan da kika rubuta. Kina tuna shi?"

"Ina tunawa, Baba."

"Faɗa mini. Wancan karon ban bari kin kai ƙarshe ba."

Ta faɗa masa. In kogi ya ƙafe, ko hukuma ta hana ɗibar ruwa, an ɗauke wa mai garka nauyin kai kaya har ruwa ya dawo, kuma ba za a taɓa jinginarsa ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Na ɗauka ya fi haka tsawo." Ya gyaɗa kai yana kallon ruwan. "Na hana ki rubuta. Shi kuma kogin bai ma san na hana ba."

Itacen ya yi ƙara ya faɗi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsu. Mutari bai waiwaya ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallon mangwaro uku, waɗanda ya wanke tas ya ɗaure cikin tsumma. Ya ɗora mata a tafin hannu ya rufe da nasa. Hannun duk ya farfashe da ɗaukar garwa.

"Uwarki ba kiran mutuwa ta yi ba," in ji shi. "Shiri ta yi miki. Shekara goma sha ɗaya ina jin haushinta." Ya numfasa. "Ki ajiye waɗannan. Ba ni da inda zan sa su. In na mutu…"

"A'uzubillahi! Baba, yi shiru!"

Maganar ta fita kafin ta san ta fita. Ta ji ta da kunnenta, da irin muryarsa, sai hawaye suka ɓalle mata.

Ya ɗan yi murmushi, bai saki hannunta ba.

"A'a, ɗiyata. Wannan karon bari in kai ƙarshe."